ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: ABIN DA NA GANI TSAKANIN BADUN DA KANO

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya gabatar a babban taron shekara da aka yi a Sabon Badun.

 

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah Ya ja zamaninka; malamanmu da limamanmu, Allah Ya gafarta maku; Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa; masu unguwanni; iyayenmu mata; 'yan'uwa da suka taso tun daga Shagamu da Abekuta da Agege; samari da 'yan mata, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Sakatare ne ya same ni a gida ya ce kwamiti na so in zo in ba jama'a labarin tafiyar da na yi a ƙarshen shekarar 2024, domin wai maganar ta yi yawa a majalisa, wasu na cewa na yi jarumta, wasu na cewa na yi ganganci. Na ce masa ni ba mai jawabi ba ne. Shekara 35 na yi ina gadin jirgi, abin da na sani shi ne tuta da usur. Ya ce to, in zo in busa usur ɗin. Don haka in na yi tuntuɓen harshe a yi mini afuwa.

Kamar yadda dattawa suka sani, a nan Sabo aka yanke mini cibiya. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, goro ne ya kawo shi daga ƙasar Kano. Wannan unguwa tamu an kafa ta a 1916, jirgin ƙasa kuwa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. Kenan tun kafin a haife mu akwai igiya tsakaninmu da gida, kuma a kan wannan igiya na ci abinci. Na kama aiki a 1985, na ajiye a 2020. A tsawon wannan lokaci babu tashar da ban sani ba daga Oshogbo zuwa Offa, Ilori, Jabba, Makwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya har Kano, kuma kusan kowace tasha ina da wanda zai ba ni tabarma da tuwo.

Da na yi ritaya sai na ce yanzu ne zan zaga in gai da mutanen nan. Wallahi jama'a, shekara huɗu ina cewa "bayan Salla". Ƙaramar Salla ta wuce in ce sai bayan Babba, Babba ta wuce in ce sai ruwa ya ɗauke. An ce sabo turken wawa, to ni Sabon ce ta zame mini turke: daga gida sai masallaci, daga masallaci sai benci a gindin bishiya. In an tambaye ni labarin wani sai in ce ai muna waya.

Ranar wata Talata da asuba, ina fitowa daga masallaci, sai saƙon murya ya shigo mini ta WhatsApp. Ɗan wani abokina ne da ke Minna, yana sanar da ni cewa Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa cikin dare, za a yi jana'iza ƙarfe goma. Mutumin nan tare aka ɗauke mu aiki, ɗaki guda muka zauna muna samari, shi ya riƙe mini kuɗin sadaki. Shekara 11 rabona da in sa shi a ido. Kullum muka yi waya sai ya ce, "Yaushe za ka zo?" in ce, "Ina nan tafe." Ƙarfe goman da za a yi masa salla, ni ina zaune a kan bencin nan da waya a hannu.

A daren nan na ɗauko takarda na rubuta sunayen abokan da suka rage, waɗanda in aka ce yau babu su zan ji kunyar kaina. Mutum biyar na samu: ɗaya a Ilori, ɗaya a Makwa, ɗaya a Zariya, ɗaya a Kano, ɗaya a Lakwaja. Na ƙara da Minna domin ta'aziyya. Da gari ya waye na gaya wa uwargida cewa zan ɗauki mota in tafi, kuma ni kaɗai.

To, a nan aka yi ta. Uwargida ta ce, "Malam, da hawan jinin naka? Kuma a cikin wannan tsohuwar Fijo?" Babban ɗana ya taso daga Ikko musamman, ya ce, "Baba, ko jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ba a bari ba a watan Maris na 2022, balle kai kaɗai a 504. In dole ne ka je, bari in ɗauki hutu in tuƙa ka." Liman kuma, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya kira ni gefe ya tuna mini cewa addini bai so mutum ya yi tafiya shi kaɗai ba, musamman da dare. Duk cikinsu babu wanda ya faɗi ƙarya.

Amma ga dalilina. Ɗana hutun kwana biyar za a ba shi. Wanda ya tafi ziyara da mai hutun kwana biyar, agogo zai riƙa kallo, ba fuskar aboki ba. Motar haya kuwa daga tasha sai tasha, ba za ta jira ka ka ƙara kwana don ka tarar da mutum ba lafiya ba. Na uku, akwai maganar da zan yi a Kano wadda ba na so ɗana ya ji ta, zan zo kanta. Daga ƙarshe muka yi sulhu a kan sharuɗɗa huɗu: ba zan tashi ba sai gari ya waye sosai, duk inda La'asar ta same ni a nan zan kwana, zan bugo waya gida da safe, da Azahar, da kuma in na sauka, kuma duk hanyar da direbobi suka ce kada a bi, ba zan bi ba, ko da ita ce ta fi kusa.

Shirin ya ci mako uku. Na fara da kaina kafin mota: likita ya auna jini da sukari, na sake gilashin ido, na sayi maganin wata guda na raba shi gida biyu, rabi a jaka rabi a aljihun mota. Sannan na kai Fijo wurin bakanikena a Mokola. Ya sake birki, ya juye baƙin mai, ya sa sabbin filogi, ya wanke kafireto da lagireto, na sayi taya biyu sabbi, aka duba safaya da jak. Takardu kuwa, lasisin tuƙi, na mota, inshora, takardar lafiyar mota, duk na sabunta, na sayi abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da 'yan kiyaye haɗura ke tambaya. Shingen bincike ba su ƙirguwa a hanyar nan, amma wanda takardunsa suka cika, ga furfura, ga sallama, yawanci "Baba, a sauka lafiya" ake ce masa.

Maganar kuɗi kuwa, kada in ɓoye maku. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 tafiya ta zama sai an shirya. Lokacin da na tashi, a watan Nuwamba na 2024, litar fetur ta haura naira 1,000. Zuwa da dawowa na ci kilomita fiye da 2,000, motar ta sha fiye da lita 200. Kowa ya yi lissafi da kansa. Ragon da nake kiwo na sayar, na haɗa da abin da na tara daga fansho. A but kuma na sa ƙwaryar goro ta Shagamu, galan biyu na manja, garin rogo da lemo, domin ɗan Kudu ba ya zuwa Arewa hannu rabbana.

Na tashi ranar Asabar bayan hantsi ya fito. Na bi ta Ojoo, na wuce Moniya, na kama hanyar Oyo. Tsakanin Oyo da Ogbomosho na faɗa tsohuwar hanya mai ƙunci, tireloli da tankoki bi da bi. A nan na fara koyon darasin tsufa. Da ina saurayi da na yi ta ƙoƙarin wuce su. Yanzu kuwa sai na lafe a baya, na bar masu sauri su yi saurinsu. Sannu ba ta hana zuwa. Kilomita wajen 160 ne zuwa Ilori, amma sai bayan Azahar na shiga.

Abokina na Ilori yana zaune ne a Gambari, unguwar da sunanta kaɗai ya isa ya gaya maka cewa Hausawa sun daɗe a garin nan. Duk Juma'a muna waya da shi, kuma duk Juma'a "lafiya lau" yake ce mini. Na yi sallama a zaure, ya amsa, ya miƙo hannu, sai na ga hannun ya nufi wani gefe daban da inda nake tsaye. Jama'a, ashe mutumin nan ya fi shekara biyu ba ya gani. Yana ce ta rufe idanun duka biyu. Na ce, "Haba mutumina, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "In faɗa maka a waya ka yi yaya? Ka ce Allah Ya sawwaƙe, in ce amin." Ya ɗauka makanta ce ta tsufa wadda ba ta da magani, alhali yanar ido aiki ake yi a cire ta. Maimakon kwana ɗaya sai na yi uku, muka je asibiti da ɗansa aka duba, aka ce idon zai yi aiki. Bayan na dawo, wasu daga cikin waɗanda ke zaune a nan suka taimaka, aka yi masa ido ɗaya. Yau da kansa yake karanta Alƙur'aninsa. Allah Ya saka maku da alheri. Wannan shi ne abu na farko da na koyo: Bahaushe ba ya faɗin ciwonsa a waya. Kunya ba za ta bar shi ba. Sai ka je ka gani.

Daga Ilori na nufi Jabba. Sau nawa na ƙetare Kogin Kwara a cikin jirgi ban sani ba, amma ban taɓa tsayawa na dube shi a natse ba sai ran nan. Na ajiye mota kafin gada, na sayi soyayyen kifi, na zauna ina kallon dutsen nan da ke tsakiyar ruwa. Da ka haye ka fita jihar Kwara ka shiga jihar Neja. Iyayenmu kan ce in ka haye Jabba ka fara jin ƙanshin gida.

Ban yi nisa da gada ba sai na ga allurar zafi ta tashi, tururi na fitowa ta gaban mota. Na gangara gefe na kashe. Tiyon lagireto ne ya fashe, abu guda da ban sake ba, kuma ban riƙo wani ba. Ina roƙon matasa masu mota su ji wannan: in mota ta yi zafi kada ka buɗe murfin lagireto sai ta huce, ruwan zai iya saɓule maka fuska. Na zauna a inuwa ina jira, gabana na faɗuwa, ina tuna maganar uwargida. Can sai ga wani yaro Banufe a kan babur. Na ba shi tsohon tiyon da kuɗi, ya tafi Makwa. Bayan ya ɓace sai na ce a raina, yau na yi wauta, ko sunansa ban tambaya ba. Awa biyu sai ga shi da sabon tiyo da bakanike a bayansa, har da canjina. Na shiga Makwa ana kiran La'asar, saura kaɗan in karya sharaɗi tun a mako na farko.

Abokina na Makwa a Unguwar Hausawa yake. Kwana biyu na yi a ɗakin zaurensa, muka raba dare muna tuna zamanin da jirgi ke tsayawa a tashar nan, mata na ɗaga doya da kifi ta taga. Ina so ku riƙe wannan. Wata shida bayan nan, ranar 29 ga Mayu 2025, ambaliya ta afka wa Makwa da asuba, ta share gidaje a Unguwar Hausawa da Tiffin Maza, mutum fiye da 150 suka rasu. Abokina da iyalinsa Allah Ya kuɓutar da su, amma ɗakin da na kwana a ciki babu shi, kuma maƙwabcin da ya kawo mini kunu da safe yana cikin waɗanda ruwa ya tafi da su. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Da na ce "bayan Salla" sau ɗaya kawai a kan na baya, da ban ga gidan nan ba har abada.

A Makwa hanya ta rabu. Tsohuwar hanyar da iyayenmu suka sani ita ce ta Bokani, Tegina, Birnin Gwari zuwa Kaduna. Na je tasha na tambayi direbobin da suka iso a ranar, suka ce, "Baba, kada ka kuskura." Ban yi gardama ba. Matambayi ba ya ɓata, amma fa a tambayi wanda ya biyo hanyar yau, ba wanda ya bi ta bara ba, domin labarin hanya kullum sakewa yake. Sai na bi ta Kutigi, na haye Kogin Kaduna a gadar Wuya, na kwana a Bida, washegari na shiga Minna.

A Minna ɗan marigayi ya kai ni maƙabarta na yi wa abokina addu'a. Da muka dawo gida mai ɗakinsa ta gaishe ni daga bayan labule, ta ce, "Malam, ka zo?" Na ce na zo. Ta ce, "Ya yi ta cewa kana nan tafe. Har ɗakin baƙi ya sa aka yi wa fenti." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma ba da faɗa ta faɗa ba. A ɗakin nan mai sabon fenti aka sauke ni. Ban runtsa ba.

Daga Minna na bi ta Lambata na faɗa babban titin Kaduna a mararrabar Dikko. Wannan yanki, ta Jere da Katari da Rijana, da hantsi na bi shi, a tsakiyar jerin motoci, ban tsaya ko shan ruwa ba. Da na shiga Kaduna ta Kakuri sai na shafa sitiyari na ce wa Fijo, "To, ke ma ga garinku," domin a nan aka harhaɗa ta. Na kwana a gidan surukai, na wuce Zariya.

Na Zariya kun san shi, da yawanku kun ci tumatirinsa. Yana cikin waɗanda suka tattara suka koma bayan abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021. Da ya gan ni sai ya rungume ni yana kuka kamar yaro. Ya ce tun da ya dawo babu mutum ɗaya daga Badun da ya taka ƙofar gidansa. Ya riƙa tambayata mutane ɗaya bayan ɗaya, da suna, har mai shayin bakin masallaci. Da dare ya ce in yi masa Yarabanci, wai kunnensa ya yi ƙishirwa. 'Ya'yansa kuwa, haihuwar nan, a makaranta "Yarabawa" ake kiransu. Ni ma na ɗanɗana irin wannan da na leƙa ƙauyen mahaifina: tsohuwa ɗaya ce tak ta tuna da shi, yara kuwa suna ta dariyar Hausata, suna cewa ga ɗan Badun. Ranka ya daɗe, wannan shi ne halinmu mu mazauna zango. A nan a ce mana 'yan Arewa, a can a ce mana 'yan Kudu. Wanda ya san mu ciki da waje shi ne wanda muka tashi tare a layin nan, ko yana ina yanzu. In muka bar irin waɗannan suka ɓace mana, wa ya rage?

Yanzu sai maganar Kano, wadda na ce ba na so ɗana ya ji. Yau ga shi can zaune, zai ji tare da kowa, domin mai maganar ya ba ni izini.

Ina da aboki tun na makarantar allo a nan Sabo. Da ya girma sai ya koma Shagamu yana harkar goro, har ya gina gida. Abin da ya faru a Shagamu a watan Yuli na 1999 ba sai na tayar da mikin ba. Ya tsira da iyalinsa ya tafi Kano, ya aiko mini da takardun gidan ya ce in sayar. Na sayar a lokacin da babu mai son sayen gida a wurin, kuɗin bai kai rabin abin da ya kashe ba. Na ƙulle kuɗin na ba wani direban motar goro ya kai masa. Bai aiko da amsa ba. Daga baya wani ya zo ya ce mini wai yana cewa na ci amanarsa. Na yi fushi, na ce tun da haka ne shi ke nan. Shekara 25 ba mu yi magana ba. Amma takardar cinikin, da sa hannun shaidu uku, tana cikin akwatina duk tsawon wannan lokaci.

Na same shi a kasuwar goro ta Mariri, a kan hanyar Maiduguri. Ya tsufa, ya rame, yana zaune yana yayyafa wa goro ruwa. Na yi sallama. Ya ɗago ya dube ni ya daɗe, sannan ya matsa mini a kan tabarma. Bayan mun gaisa na zaro takardar na miƙa masa, na ce, "Ga shaidar abin da aka sayar da gidanka. Ban ci ko kwabo ba." Bai karɓa ba. Ya ce, "Mayar da takardarka. Na san abin da gida ke yi a Shagamu a shekarar nan, ai ba ni kaɗai na sayar ba. Ban taɓa cewa ka ci kuɗina ba." Na ce to, mene ne? Ya ce, "Na fito da rigar jikina, ƙanina ya mutu a can, na zo garin da ban san kowa ba. Kai kana aikin jirgi, Kano kake zuwa a kan aiki. Sai ka aiko mini da kuɗi a hannun direba, kamar wanda ya biya bashin goro. Kuɗi na nema a wurinka? Fuskarka nake jira."

Jama'a, shekara 25 ina riƙe da hujja a kan laifin da ba a tuhume ni da shi ba, ga ainihin laifin nawa ban ko san da shi ba. Na ce, "Ka yafe mini." Ya ce, "Tun da ka zo, ai magana ta ƙare." Ya ɗauki goro ɗaya fari ya ɓare, ya ba ni rabi. Kwana huɗu na yi a gidansa. Da zan tafi na buɗe but na ba shi ƙwaryar goron Shagamu, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kai dai har yanzu ba ka da wayo, wa ke kawo wa Mariri goro?"

A dawowa sai na sake hanya: Kaduna, Zuba, Gwagwalada, Abaji, na haye gadar Murtala kusa da Koton Ƙarfe na shiga Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Aboki na biyar lafiyarsa ƙalau, har ya fi ni ƙarfi. Shi ya kai ni ziyarar ƙabarin Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka kama a 1903, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Na tsaya a wurin na ce, ashe har sarakuna sun yi zaman baƙunta irin namu. Daga nan na bi ta Okene, Owo, Akure, Ilesha, Ife, na shigo Badun a rana ta 19. Uwargida ta fito ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "Ita dai ta rame." Ni ba ta ce mini komai ba sai da na ci abinci.

To, masu cewa na yi ganganci, ban ce kun yi kuskure gaba ɗaya ba. Ban zo nan don in ce kowane tsoho ya ɗauki mota ya kama hanya ba. Wanda idonsa ya raunana, ko sukari ke kayar da shi, ko bai saba doguwar tuƙi ba, kada ya gwada. Ya hau motar haya, ko ya sami yaro ya tuƙa shi, ba abin kunya ba ne. Wanda kuma ya ga zai iya, to ya ga likita kafin bakanike, ya cika takardunsa, ya riƙi tiyo da fambel na ajiya, kada ya yi tuƙin dare ko da wasa, kada ya ɗauki fasinjan da bai sani ba, kada ya faɗi inda za shi a wurin shan mai, kuma ya bar wa iyali sunan kowane gida da zai sauka. Abin da ba na so a yi shi ne abin da na yi shekara huɗu ina yi, wato zama a benci ana cewa ai muna waya.

Daga ƙarshe ina da roƙo uku ga ƙungiya. Na farko, Sakatare ya buɗe littafi a rubuta sunan duk ɗan Sabo da ya koma Arewa ko wani zango, da garin da yake da unguwarsa, musamman waɗanda tashin hankali ya kora. Na biyu, direbobinmu da fatakenmu da ke hawa da sauka kowane mako, duk wanda zai tafi ya leƙa littafin nan, ya ɗauki suna ɗaya da ke kan hanyarsa, ya je da ƙafarsa ya yi sallama, ya dawo ya gaya mana abin da idonsa ya gani. Na uku, iyayenmu mata su ma suna da ƙawaye da 'yan'uwa da aure ya kai nesa. Mu maza mu daina cewa sai an yi rasuwa ko biki za a ba su kuɗin mota.

Wanda kuma ya ce shi ba shi da kowa a nesa, to akwai tsofaffi a cikin Sabon nan da suka daina fitowa masallaci, kuma ba mu tambayi dalili ba. Wannan ba ya bukatar fetur.

Ranka ya daɗe, na ci lokaci da yawa. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure a yafe mini. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan wuri, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya kiyaye matafiya a duk inda suke, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.